Yadda zaka gane tsofaffin fitilu da kujerun Italiya na asali kafin ka fitar da kuɗinka

A wajenmu in aka ce kayan ɗaki 'yan Italiya abin da ke faɗo wa mutum a rai shine katon gado mai sassaƙa da ruwan gwal, da kujeru masu ƙyalli irin wanda ake jera wa amarya. To ba su nake nufi ba. Ina magana ne akan kujeru da fitilun da aka ƙera a Italiya tun daga bayan yaƙin duniya na biyu har zuwa wajen 1980, wanda yawancinsu ma ba su da wani ado, wasu in ka gansu zaka rantse jiya aka yi su alhali sun girmi iyayenmu. Yanzu kasuwarsu ta yi zafi sosai a intanet da gidajen gwanjon Turai, kuma duk inda kasuwa ta yi zafi jabu na nan a gefe. Don haka in kana da sha'awa, ko zaka saya wa gidanka ne ko kuma ka shiga harkar don sayarwa, akwai abubuwan da sai ka sani tukuna.

Ka fara da sanin inda kayan suka fito. A arewa da birnin Milan akwai wani yanki da ake kira Brianza, garuruwa irin su Meda da Cantù da Lissone, kafintoci ne kaka da kakanni. Bayan yaƙi masu zanen gine-gine na Milan suka rinƙa zuwa wajen waɗannan ƙananan kamfanoni na iyali da zanensu a hannu, mai kamfani ya zauna da mai zane da kafinta su yi ta gwaji har abu ya fito. Cassina misali 'yan uwa biyu ne, Cesare da Umberto, suka kafa shi a Meda a 1927. A 1954 aka fara ba da kyautar Compasso d'Oro ga kayan da suka fi kyawun ƙira, a 1961 kuma aka buɗe baje kolin kayan ɗaki na Milan wanda har gobe ana yinsa. Amfanin sanin wannan shine kowane kaya na asali yana da sunaye biyu, sunan wanda ya zana da sunan kamfanin da ya ƙera, sannan da shekara, wani lokacin har da lambar samfur. Dillalin da ya ce maka kawai "tsohuwar fitila ce 'yar Italiya" bai faɗa maka komai ba. Ka tambaye shi waye ya zana, wane kamfani, wace shekara. In ya fara kame-kame ka riga ka samu rabin amsarka.

Sannan kayan kashi uku ne kuma kowanne da farashinsa. Akwai tsohon na asali da aka ƙera a wancan zamanin. Akwai sabon fitowa, wato kamfanin nan dai da ke da haƙƙin zanen ya ci gaba da ƙerawa ko ya dawo da shi bayan an daina, wannan ba jabu bane ko kaɗan, sai dai ba tsoho bane kuma bai kamata ka biya kuɗin tsoho ba. Sai na ukun, kwafi, wanda wani ya kwaikwaya ba izini. Mafi yawan cutar da ake yi wa mutane ba ma a kwafi take ba, a tsakanin na farko da na biyu take, a ɗauko fitilar da aka yi shekara goma da suka wuce a ce ta 1965 ce don dai an zana ta a 1965. Shekarar zane daban, shekarar ƙira daban, ka riƙe wannan da kyau. A tallan dillalai kuma in ka ga an rubuta "stile" ko "attribuito" a gaban sunan mai zane, to mai kayan da kansa yana gaya maka cewa kama ce kawai ko kuma zato ake yi, ba shi da hujja.

Sitika da tambari su ne abu na farko da zaka nema, ƙarƙashin kujera, cikin murfin fitila, ƙasan gindinta. Ba don sitika ba ta ƙarya ba, ana buga ta a manna, amma tana taimakawa sosai wajen kama shekaru. Duk fitilar da ka ga alamar CE a jikin sitikarta ba ta shekarun 1960 ko 1970 ba ce, don sai a shekarun 1990 wannan alamar ta shigo. In ka ga hoton kwandon shara da aka ja wa giciye, wannan daga 2005 ne zuwa sama. In akwai adireshin intanet kuwa ai ba sai an faɗa maka ba. Tarihin kamfanin ma yana yanke hukunci. Kamfanin da yau ake kira B&B Italia an kafa shi a 1966 da sunan C&B, wato Cassina da Busnelli, sai a 1973 da Piero Ambrogio Busnelli ya sayi kason Cassina sunan ya koma B&B. Kaga kenan kujerar Camaleonda ta Mario Bellini, wadda aka fitar a 1970, in tambarin C&B ne a ƙasanta to ta farkon fitowa ce, in B&B ne to bayan 1973 ne, sannan an sake dawo da ita kasuwa a 2020, don haka wadda ka gani fes ba ko tabo sai ka yi tambaya.

Amma ni abin da na fi yarda da shi ya wuce sitika, shine ka san dalilin kowane abu da ke jikin kayan. Mutanen nan ba sa saka abu a banza, mai kwafi kuma siffa kawai yake gani daga nesa, sai ya zubar da ƙananan abubuwan da suke cin kuɗi da lokaci. Bari in tsaya akan Arco don babu fitilar da aka kwaikwaya kamarta.

'Yan uwa biyu, Achille da Pier Giacomo Castiglioni, suka zana ta a 1962 wa kamfanin Flos, wanda shima a shekarar aka kafa shi a garin Merano. Matsalar da suke so su warware mai sauƙi ce, mutum yana son haske ya sauko daga sama akan teburin cin abinci amma ba ya so ya huda silin ko ya ja waya. Sai suka ɗauki tsarin fitilar kan titi, gindi a can gefe, dogon ƙarfe ya lanƙwaso ya kawo kwan tsakiyar tebur, tazarar kusan mita 2, har mutum zai iya wucewa ta ƙarƙashi da tire a hannu. Don kar ta kife suka yi mata gindi da farin mabul na Carrara mai nauyin wajen kilo 65. To ka duba gindin nan da kyau. Akwai rami zagayayye da ya ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan, an yi shi ne don a zura sandar mofa ko wani icce mutum biyu su ɗaga, kowa ya kama gefe ɗaya. An kuma sare kusurwoyin dutsen don kar su yanki ƙafar mai wucewa. Ƙarfen da ya lanƙwasa ba zagayayyen bututu bane, mai kusurwa ne, guntaye ne da suke shiga cikin juna ana ja ana ragewa, wayar kuma a ciki take ɓoye. Murfin kwan yana da ƙananan huji a samansa don zafi ya fita, da wani zobe da ake juyawa a karkata hasken. Yawancin kwafi zaka tarar bututun zagayayye ne siriri yana rawa, gindin ƙarami ko zagayayye, wani ma mutum ɗaya zai sungume shi da hannu, wanda ta asali wallahi ba zaka iya ba. In daga nesa kake saye ka ce a ɗora gindin a sikeli a turo maka hoto. Rigimar kwafin fitilar nan har Kotun Tarayyar Turai ta je, wadda ta yi hukunci a 2011 akan ƙarar da Flos ya shigar game da wata mai kama da ita da ake shigowa da ita daga Chaina. Pier Giacomo ya rasu tun 1968, Achille ya rayu har 2002, kuma Flos bai taɓa daina ƙera ta ba, don haka ko ta asalin ce sai ka ƙara bincikar shekara ta sitika da irin waya da makunni.

Wannan hanyar tunanin ita zaka bi da sauran. Fitilar Tizio ta Richard Sapper da kamfanin Artemide ya fitar a 1972 ba ta da waya a hannayenta ko ɗaya, taransifoma na cikin gindi yana rage wuta zuwa bolt 12 sai ƙarafan hannun da kansu su kai wutar ga kwan, nauyin da ke bayan kowane hannu kuma shi ke sa ta tsaya cak duk inda ka bar ta. In ka ga waya na bin jikinta, ko ka saki kan ya sunkuya, akwai matsala. Pipistrello ta Gae Aulenti, 1965, kamfanin Martinelli Luce na garin Lucca, wuyanta ana jan sa sama ana mayarwa, ka gwada ka ji yana tafiya sumul ko yana cijewa. Eclisse ta Vico Magistretti ƙaramar fitilar gefen gado ce ta ƙarfe, akwai rabin ƙwallo a ciki da ake juyawa ya rufe hasken kaɗan-kaɗan, ta ci Compasso d'Oro a 1967. Duk waɗannan har yanzu ana ƙera su.

A kujeru kuwa misalin da na fi so shine Superleggera ta Gio Ponti, Cassina, 1957, lamba 699. Nauyinta kilo 1.7 kacal, akwai ma tsohon hoton talla da yaro ya ɗaga ta da yatsa ɗaya. Ponti ya ɗauko asalin ta daga kujerun gargajiya na garin Chiavari ya yi ta rage katakon shekara da shekaru har ƙafafun suka koma masu kusurwa uku, kaurinsu milimita 18. Kafin ita akwai yayarta Leggera mai lamba 646, ita ƙafarta zagayayya ce kuma ta fi nauyi, ita ma ta asali ce ta Cassina amma kuɗinsu ba ɗaya ba, kuma sau da yawa ana sayar da yayar da sunan ƙanwar. Ka kama ƙafar ka murza ta a tafin hannunka, in baka ji kusurwa uku ba to ba 699 ba ce. Gwajin ba ya ɗaukar minti ɗaya.

Akwai wani mutum da nake ganin duk mai son fitilu ya kamata ya san shi, Gino Sarfatti. An haife shi a Venis a 1912, yana karatun injiniya ya bari saboda halin da iyalinsa suka shiga, ya kafa kamfanin Arteluce a Milan a 1939. A 1943 ya gudu Suwizalan saboda farautar Yahudawa da ake yi a lokacin, bayan yaƙi ya dawo ya ci gaba, ya zana ɗaruruwan fitilu kuma bai damu da ba su suna ba, lamba kawai. Lambar ma tana da tsari, na tebur suna wajen 500 da 600, na tsaye a ƙasa 1000 da wani abu, na ratayewa a silin 2000 da wani abu. To in dillali ya nuna maka fitilar tebur ya kira maka lambar dubu biyu kaga bai san abin da yake sayarwa ba. Lamba 600 ta 1966 gindinta 'yar jakar fata ce cike da ƙwayoyin dalma, duk inda ka ajiye ta zata zauna ko wajen a karkace yake. Lamba 2097 ta 1958 kuma, mai kwai 30 ko 50, da gangan ya bar wayoyin a waje suna lanƙwasowa, su ne ma adon. A 1973 ya sayar da kamfanin ga Flos, ya rasu a 1985. Don haka mai sitikar Arteluce ta kafin sayarwar ita masu tarawa ke rububi, kuma 2097 ɗin da zaka fi cin karo da ita ta Flos ce ta baya-bayan nan.

Inda zan ce ka yi taka-tsantsan sosai shine sunan Stilnovo. Kamfani ne na gaske, Bruno Gatta ya kafa shi a 1946, amma yau duk wata fitilar tagulla mai hannaye da yawa da murfi masu launi sai a liƙa mata sunan. Ƙananan masana'antu da yawa sun yi irinta a wancan lokacin, wasu kuma yanzu ake haɗa su a shafa musu sinadari tagullar ta yi duhu. Tsufan gaskiya ba ya zuwa bai ɗaya, inda hannu ke yawan taɓawa ya fi haske, lungu da ƙarƙashin noti ya fi duhu, fenti kusa da kwan ya ɗan ƙone. In duhun ya yi daidai ko'ina kamar an shafa lalle to hannu ne ya yi shi ba shekaru ba. Haka gilashin Murano. Murano tsibiri ne a Venis da aka mayar da masu hura gilashi can tun 1291, ba sunan kamfani bane, kamfanonin su ne irin Venini da aka kafa a 1921, da Barovier & Toso, da Vistosi, da Mazzega. Tsofaffin kayan Venini da yawa suna da tambari da aka ci da asid a ƙasan gilashin, dishi-dishi, sai ka karkata shi ga haske zaka gani. Fitilar silin mai guntayen gilashi da yawa kuma ka ƙirga su, ka tambaya ko duk na asali ne, don ana cike gurbin wanda ya fashe da sabo kuma launin baya zuwa ɗaya in an kunna.

Kujerun kushin matsalarsu soso ne. Lady ta Marco Zanuso, 1951, kamfanin Arflex, da soson roba da maɗaurin roba na Pirelli aka yi ta, a lokacin sabon abu ne, amma roba mai shekara sittin ko saba'in ta mutu, zaka danna ka ji ta yi tauri ko tana zubo da gari ta ƙasa. Wannan ba ya nuna jabu ce, hasali ma yana nuna tsufa, sai dai ka saka kuɗin gyara a lissafinka. Camaleonda da Soriana ta Afra da Tobia Scarpa da Maralunga ta Magistretti duk ka danna su ka zauna akai ka tashi ka ga ko soson ya dawo. Camaleonda ka ƙirga zobba da ƙugiyoyin da ake haɗa guntayenta da su. Maralunga ka ɗaga majinginar kai ka kwantar ka ga tana tsayawa. Ka tambaya ko an canja yadi ko fata, an canja ba laifi bane amma farashi ya kamata ya sauka.

Tunda yawancinmu daga nesa zamu saya, kar ka yarda da hoton gaba kawai. Ka ce a kifa kujerar a ɗauki ƙasanta, a ɗauki sitika kusa-kusa har rubutun ya karantu, a ɗauki filogi da makunni da mazaunin kwan, a kunna fitilar a yi bidiyo, a ɗora tef a auna tsawo da faɗi sai ka gwada da awon da kamfanin ya wallafa. Katako kuma ka nemi ƙananan huji irin na ƙwaro, in akwai sabon gari mai haske a bakinsu to ƙwaron na ciki da rai, kar ka shigo da shi gidanka sai an yi masa magani. Ka yi lissafin dako da kuɗin kwastan tun kafin ka yi ciniki, mabul mai kilo 65 da gilashi mai fashewa sai akwatin katako, wani lokacin dakon ya kusa kamo kuɗin kayan.

In kaya sun iso kar ka yi gaggawar jona wa wuta. Wutar Italiya da tamu ta Najeriya da Nijar duk a wajen bolt 220 zuwa 230 suke, wannan ba damuwa, amma fitilar da aka yi don kasuwar Amurka ta bolt 110 zuwa 120 ce, mai taransifoma irin Tizio in ka jona ta kai tsaye ta ƙone kenan, don haka ka karanta abin da aka rubuta a ƙasanta. Ka kira mai gyaran wuta ya duba wayar, tsohuwar waya tana bushewa ta tsattsage daga ciki, kuma yawancin fitilun nan jikinsu ƙarfe ne. Filogin Italiya mai siraran ƙafa uku a jere ba zai shiga soket ɗinmu ba, ka nemi adafta mai kyau, in kuma dole sai an canja waya da filogi to ka ajiye tsofaffin a leda kar ka yar, ranar sayarwa zasu yi maka shaida. Kwan nasu na murzawa ne, babba E27 ƙarami E14, ba mai kunne biyu da ake dannawa a juya ba. Ka sa LED don ba ya zafi, yana kare tsohuwar roba da fenti, sai dai tsohon makunni mai rage haske ba kullum yake shiri da LED ba, zaka ga yana ƙyaftawa. Ga wanda ke kan janareta kuma stabilaiza ta zama dole.

Yanayinmu ma sai an yi hattara. Hunturu yana busar da katako, gam ya saki, siririn katakon da aka manna a saman tebur ya fara ɗagowa, don haka a nisanta su daga taga da rana da kuma iskar AC kai tsaye, da damina kuma kar a jingina su da bango mai danshi, ga gara. Roba irin ta kayan kamfanin Kartell ko fitilar Nesso rana tana mayar da ita ruwan ɗorawa kuma ba ta dawowa. Mabul yana shan mai, manja ko man gyaɗa in ya zuba ya kwana ya zauna kenan, lemon tsami kuma yana cinye ƙyallinsa, ruwa da tsumma mai laushi sun isa. Fitilun farko na Flos irin Taraxacum da Viscontea da wani farin abu mai kama da saƙar gizo-gizo aka fesa su akan ƙarfe, waɗannan ƙurar hunturu ba ta musu daɗi ko kaɗan, ba a wanke su ba a dirza, burushi mai taushi kawai, in ta yage gyaranta sai gwani.

Dan Allah kuma kar ka kai wa mai fenti ya fesa mata sabon kala don ta yi kyau, kar a goge tagulla da sanfefa har ta yi ƙyalli, kar kafinta ya buga wa kujera ƙusa inda gam ya saki. A buɗe gaɓar a kankare tsohon gam a sake mannawa a ɗaure ta kwana. In mai kushin zai canja yadi ka tsaya a kansa ya cire tsohon a hankali ya yi amfani da shi wajen yanka sabon, ya bi ɗinkin yadda yake, sitikar da ke ƙasa kuma ka ɗauki hotonta kafin a fara aiki ka ce masa kar ya taɓa ta.